Talotalon Mak

Duk layin bakin kogi a Battambang babu wanda bai san Sarun mai aski ba, sai dai in ka tambaya da wannan sunan za a tsaya ana 'yan tunane-tunane. Ka ce Ba'amurke kawai, nan take a nuna maka rumfar. Kujera ɗaya ce da madubi mai tsaga a gefe, sai shi kansa a tsaye, gajere kakkaura, hannuwansa duk zane tun daga tsintsiya har kafaɗa. Yana aski yana hira da yarenmu, amma irin na ƙaramin yaro, alhali furfura ta riga ta kama gemunsa. Tsofaffin layin su yi ta dariyar bakinsa, shi ma ya taya su.

Sunan kuwa yana yi masa ciwo, ko da yake bai taɓa cewa a daina ba. Shekara talatin da wani abu ya yi a Amurka ana ce masa ɗan Kambodiya. Da ya zo Kambodiya kuma aka ce ga Ba'amurke.

Ba a nan ma aka haife shi ba. A sansanin gudun hijira ya zo duniya, can bakin iyakar Thailand, bayan uwarsa ta tsere da cikinsa daga shekarun nan na yunwa da kisa, ta baro miji da 'ya'ya biyu ba ta ma san inda aka binne su ba. Yana tatata aka kwashe su zuwa wani gari a Amurka da ake kira Stockton. A can uwar, wadda 'ya'yanta ke kira Mak kamar yadda kowa ke kiran tasa, ta yi ta aikin tsinkar 'ya'yan itace a gonakin mutane. Ta sake aure, ta haifi 'ya mace aka sa mata Chenda, mijin bai daɗe ba ya rasu. Sarun ya tashi a titi. Unguwar ba ta da daɗi, yaran da suka tare masa faɗa a makaranta su ne suka zame masa dangi, kuma su ne suka kai shi inda bai kamata ba. Bai cika ashirin ba aka yi wani faɗa da bindiga, aka raunata wani, aka ɗaure shi. Ya yi zamansa har ƙarshe, bai taɓa cewa zaluntarsa aka yi ba. A ciki ya koyi aski, ya fito ya kama sana'a, ya nutsu, har ya fara kai wa Mak cefane.

Shekaru sun ja, wata rana ya je sa hannu wurin hukumar shige da fice kamar yadda ya saba, ya bar almakashinsa a kan tebur da niyyar dawowa kafin azahar. Bai dawo ba. Suka ce ai shi ba ɗan ƙasa ba ne, za a maida shi gida. Gida! Wane gida? Mutumin da bai taɓa taka ƙasar nan ba ko da ƙafa ɗaya, aka sauke shi a filin jirgi da jakar leda a hannu. Battambang ɗin ma ya zo ne don shi ne kaɗai sunan garin da ya taɓa ji a bakin uwarsa.

Ya sha wuya, ba kaɗan ba. Amma hannunsa na da kyau a aski, kuma ya yi sa'ar mata. Kunthea, mai sayar da kayan miya a kasuwa, ita ta ɗauke shi da zanen jikinsa da karyayyen yarensa, ta gyara masa zama. Mace ce mai haƙuri, amma bakinta ba ya ajiye magana. Duk shekara suna zaune lafiya, yana cin abin da ta dafa yana lashe hannu, sai dai rana ɗaya. Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, Ranar Godiya ta Amurkawa, ranar ba a gane kan Sarun.

Tun ana saura wata guda yake fara cigiyar talotalo. Ya rufe rumfa, ya bi ƙauyuka a babur, ko ya aika Phnom Penh a sayo masa daskararre a shagon Turawa. Ya tara man shanu, da dankalin turawa, da kabewa, da wani jan abu mai tsami na gwangwani, da busasshen ganye na kwalba. Gidansu babu abin gashi, don haka sai ya roƙi Kawu Heng mai biredi ya bar masa tanda da zafinta bayan an kwashe biredin safe. Sannan ya gayyaci 'yan'uwansa da aka koro irinsa, duk wanda ke kusa, su zo su zauna a dogon tebur su yi ta Turanci har rana ta yi sanyi.

Kuma akwai doka. Ranar ba a daka a gidan. Turmin kayan miya ma ƙarƙashin gado yake tura shi da kansa. Ba tafarnuwa, ba kurkur, ba daddawar kifi, ita kuwa ciyawar lemo da ke bayan gida kada wanda ya ko kalle ta.

"Haba maigida," in ji Kunthea a shekarar farko, "ka bar ni in ɗan daka masa wani abu mana. Ji naman nan fari fat, kamar mai jinya."

"Ki bar shi haka."

"Ko gishirin kirki babu fa."

"Kunthea, duk shekara ni ɗan Kambodiya ne, na yarda. Yau ɗaya tak ki bar ni in koma gida."

Da ta ga idonsa sai ta ƙyale shi.

Abin da yake nema kowa ya sani, domin ba ya ɓoyewa. Talotalon Mak yake nema. Ya ce duk abin da ya rage masa na Amurka shi ne ɗanɗanon naman nan a bakinsa, ranar da uwarsa ke gasa talotalo kamar kowace uwa a ƙasar, shi kuma ya je makaranta ya ce mu ma mun ci. Rana ɗaya ke nan a shekara da yake jin ba su bambanta da kowa ba. To, sai a kawo naman daga tanda, ya yanka, kowa ya zuba masa ido. Ya kai loma baki, ya tauna, ya tauna, ya ajiye cokali.

"Ba shi ba ne."

Kowace shekara da wanda zai ɗora wa laifi. Bana talotalon ƙauye ne, ya cika yawo, namansa ya yi gauri. Baɗi kuma man shanun ne ba na kirki ba. Wata shekarar Kawu Heng ne ya cika wuta. Akwai wani dogo cikinsu, Vibol, direban motar haya, shi ma daga can aka koro shi, ba ya gajiya da tsokana. Ya taɓa cewa, "Anya, mutumina? Mu fa tsohuwarmu shinkafa mai danƙo take cusa wa nata."

Sarun ya taso masa kamar zai dake shi. "Taku tsohuwar ke nan. Tamu irin na Turawa take yi."

Ina ya san irin na Turawa? A talabijin ya gani, da jikin gwangwani. Bai taɓa cin wannan abinci a gidan wani Bature ba. A kurkuku ne kawai ake ba su 'yan yanka masu sanyi, ya ɗauka lalacewar girkin kurkuku ce. Madafar Mak kuwa ko leƙa ta bai taɓa yi ba. Ƙamshi ke jawo shi daga titi, ya ci a tsaye, ya goge baki ya fice. Taurin kai ne kawai, da kuma tsoro, don in aka taɓa wannan teburin bai san abin da zai rage masa ba.

Tambayar Mak kuma ba ta yiwuwa. Ba a daɗe da tafiya da shi ba ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Chenda ce ta zauna da ita. Da rana tana aikin jinya a gidan tsofaffi, ta dawo ta tarar da wata jinyar, ta ɗaga, ta kwantar, ta wanke, ta ciyar. Samari suka zo suka gaji suka tafi. In Sarun ya kira, sai ta kafa wayar a gaban Mak ta koma gefe, daga gaisuwa ba ta ƙara masa ko kalma. Ran da aka ciro talotalo daga tanda yakan kira ya haska wa Mak, yana cewa, "Mak, kin gani? Na yi." Tsohuwar ta ƙura wa naman ido, ta yi ta girgiza kai a hankali. Shi kuma ya kashe waya ya shiga ɗaki, ya ce nisa ne ke damunta.

Cikin wata damina Mak ta rasu. Labarin ya same shi yana tsakiyar yi wa wani aski. Ya ƙarasa askin tsaf, ya karkaɗe wa mutumin wuya, ya sallame shi. Sannan ya zauna a kujerar da bai taɓa zama a kanta ba, ya fuskanci madubin nan mai tsaga, ya aske kansa ƙwal kamar yadda ɗa ke yi in uwa ta mutu. Iyakar abin da ya iya yi mata ke nan. Wutar ƙona gawa da ya kamata ɗa namiji ya kunna, Chenda ce ta tsaya a kai ita kaɗai. Allah sarki, ranar duk layin babu wanda ya yi dariyar bakinsa.

Sai ga saƙo daga Chenda, gajere. Za ta zo da tokar Mak a watan Nuwamba, ta kai ta haikalin ƙauyensu, don tsohuwar ta sha faɗa tun tana da baki cewa kada a bar ta a ƙasar sanyi. Za ta sauka Laraba, a kai toka Juma'a, ta juya. Sarun ya duba kwanan wata ya ga abin da ke tsakiyar Laraba da Juma'ar nan. Ya roƙe ta, roƙo na gaske, ta kawo Mak gidansa ran Alhamis ya zuba mata abinci sau ɗaya a rayuwarsa.

Amsar ta zo: "Zan kawo ta ta ga gidanka. Ni ba zama zan yi ba."

Ya san abin da wannan ke nufi. In bai ciyar da uwarsa wannan karon ba, babu wani karo. In kuma Chenda ta hau jirgi ba ta ci komai a gidansa ba, shi ke nan, babu sauran abin da zai sa ta ɗaga wayarsa. Don haka wannan shekarar bai tsaya wasa ba. Ya sa aka kawo masa ƙaton talotalo daga Phnom Penh cikin akwatin ƙanƙara, ya sayi man shanu mafi tsada, ya je ya zauna da Kawu Heng suka yi shawarar itace kamar masu shirin biki. Turmi kuwa tun ran Talata ya shige ƙarƙashin gado.

Safiyar Alhamis yana tsakar gida, talotalo na kan tire ya sha man shanu, yana cusa masa gutsattsarin biredi da ganyen kwalba, sai babur mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa. Wata mata ta sauko rungume da ƙunshin farin ƙyalle. Fuskar Mak ce sak, har da yadda take tsuke baki. Ya baro Chenda budurwa, ga ta yanzu da furfura a goshi. Ya goge hannu a wando, ya durƙusa a ƙasa, ya haɗa tafuka ya kai goshi gaban 'yar tukunyar tagullar da ke cikin ƙyallen, mai ɗauke da tokar Mak.

"Sannu, Sarun," in ji Chenda.

Kunthea ta ɗago da sauri. Ƙanwa ta kira wanta da sunansa tsirara, a gidansa, gaban matarsa! Amma ta haɗiye, ta yi mata sannu da hanya, ta karɓi tukunyar da hannu biyu ta ɗora a kan kantar da ake kunna turare. Ta kawo kujera. Chenda ta ce a bar ta, mai babur na jira. Tana juyawa ne idonta ya faɗa kan tiren.

"Wannan kuma fa?"

"Na Mak ne," in ji Sarun. "Shi zan zuba mata."

"Na Mak?" Ta matso, ta dangwali man da yatsa, ta leƙa cikin, ta shinshina. "Wace Mak ɗin?"

"Irin wanda take yi mana mana. Na san ban taɓa dacewa ba, amma bana talotalon daga waje ya zo, ina ganin..."

Chenda ta yi wata dariya da babu daɗi a cikinta ko kaɗan. "Biredi? Kai yanzu tsakaninka da ranka, ka taɓa ganin biredi a cikin talotalon Mak? Ka taɓa ganin man shanu a gidanmu?"

"Ranar dai tana yi irin na Turawa."

"A ina ta koya? Wa ya taɓa gayyatarta gidansa? Shekarar farko mutanen coci ne suka kawo mata shi kyauta, daskararre kamar dutse. Ita ta ba ni labari. Ta zauna a gabansa ta yi kuka, ba ta san ta inda ake fara shi ba, ga shi kana ta tsalle wai ku ma za ku ci. Sai ta yi masa abin da ta iya. Ciyawar lemon nan da take shukawa a bokiti kusa da taga, ka manta ta? Ita ce. Da kurkur, da tafarnuwa, da citta, da ganyen lemun tsami, da 'yar daddawar kifi. A ciki kuma siririyar taliya da gyaɗa da hantarsa. Tun ban kai tsawon tebur ba ni ke daka mata. Kai kana ina? Kana waje."

"Ba haka ba ne," in ji shi.

"Duk shekara ka haska mata wannan farin abin a waya, ta yi ta girgiza kai. Kai a zatonka me take cewa? In da tana da baki da ka sha zagi." Ta nuna kantar turare da haɓa. "Ba za ta ci wannan ba. Mamaci abin da ya saba ake ajiye masa, kai ma ka sani."

Sarun ya tsaya hannu duk maiƙo, yana kallon talotalon. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki mai nauyi. Shekara da shekaru yana bin ƙauyuka da shagunan Turawa, yana zargin mai biredi, yana yi wa matarsa tsawa, ashe abin na nan bayan gidansa kaji na tono a gindinsa. Ashe Amurkar da yake kuka a kanta, ko ranar da ya fi jin shi ɗan can ne, girkin Battambang ke bakinsa. Kunthea na tsaye a bakin madafa, ta san inda turmi yake sarai, amma ba ta motsa ba. Doka tasa ce, ta bar shi da ita.

Chenda ta gyara jakarta ta nufi ƙofa. Sai ta ji ana jan abu mai nauyi a kan siminti. Ta waiga ta ga Sarun ya fito daga ɗaki a durƙushe, yana jawo turmin dutse. Ya ajiye shi tsakar gida, ya zagaya baya da wuƙa ya dawo da dami na ciyawar lemo, saiwar duk ƙasa. Ya zura hannu cikin talotalon ya kwashe biredin tas ya watsa wa kaji. Ya kakkarya ciyawar yadda ya ga dama, har da ganyen, ya zuba a turmi ya hau duka, abu na ta tsalle yana zubewa ƙasa.

Chenda ta kai hannu ga ƙyauren ƙofa, ta tsaya. Ta jure, ta jure, ta kasa.

"Kai, wane irin aiki ne wannan? Wa ya ce maka da ganyen ake dakawa? Gindin ake yankawa siriri-siriri tukuna!"

Ya miƙo mata taɓaryar.

"A'a," in ji ta. "Ni na yi nawa. Kai za ka daka."

Ta fita ta sallami mai babur, ta dawo ta jawo kujerar nan da ta ƙi ɗazu ta zauna a kansa. Yanka nan. Ba haka ba, ƙara siranta. Sa gishiri tukuna ya kama. Kurkur ɗin ya yi yawa, rage. Kunthea ta ruga kasuwa ta dawo da taliya da gyaɗa da mazarƙwailar giginya, tana tafe tana murmushi ita kaɗai. Aka aika wa Kawu Heng ya ƙara itace, ya aiko da faɗan cewa shi gidan biredi ya buɗe ba gidan jiran masu talotalo ba, amma ya ƙara. Sarun ya yi ta daka, gumi na zuba daga ƙwaryar kansa, hannunsa ya yi ruwan ɗorawa. Duk lokacin da ya kuskure, Chenda sai ta bugi gwiwarta da tafin hannun hagu. A karo na uku ta lura da abin da take yi, ta dubi hannun, ta kau da kai. Da hannun hagu Mak ke bugun kujera bayan ta rasa magana, in Chenda ta kuskure a girki.

Aka wanke man shanun, aka ɗaga fatar aka shafe naman da dakan ciki da waje, aka cusa taliyar. Sarun da kansa ya ɗauki tiren a ka ya kai gidan biredi, ya zauna a bakin tanda bai tashi ba har ya nuna. Da ya taho da shi, ƙamshin ya riga shi shiga layi. Baƙi sun riga sun hallara. Vibol ya ɗaga hanci, ya dubi naman jawur da shi, ya washe baki.

"To, to! Ashe dai taku tsohuwar ma..."

Ya hangi tukunyar tagulla a kan kanta, ya haɗiye sauran, ya cire hularsa.

Ba wanda ya zauna tukuna, don sai mamaci ya ci masu rai ke ci. Sarun ya yanko cinya da ƙirji, ya ɗebo taliyar ciki, ya zuba shinkafa a gefe, ya ɗora farantin gaban tukunyar da kofin ruwa. Chenda ta zaro tsinkayen turare daga mazubi, amma ba ta miƙa masa nan da nan ba. Ta tsaya tana jujjuya su a hannu.

"Duk shekara tana sa ni in zuba maka," in ji ta, ba ta kalle shi ba. "Tun shekarar da aka tafi da kai. Cinya take nuna mini, wai ita kake so. A ajiye a wurin zamanka, mu ci muna kallonsa, ya huce, in kwashe. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Ni ke wahala, kai ake zuba wa cinya. Wata shekara na gaji, na ce to tunda abincin wanda ba ya nan ne, bari in kunna masa turare kamar yadda muke yi wa Baba da su yayyenmu. Na kunna, na kafa a gefen farantin. Matar da ba ta iya ɗaga cokali, ban san inda ta samo ƙarfi ba. Ta jawo jiki ta kai hannu ta damƙe wutar da tafinta, ta kashe. Ta ƙone, tabon na nan har ta mutu. Ta yi ta kallona tana girgiza kai." Ta share ido da bayan hannu. "Ba ka mutu ba. Nisa kawai ka yi. Abin da take nufi ke nan."

Ta miƙa masa turaren.

Ashana ta mutu sau biyu kafin ta kama. Ya durƙusa ya riƙe tsinkayen tsakanin tafukansa. Akwai kalmomin da manya ke faɗa a irin wannan wuri, dogaye masu nauyi, shi bai iya ko ɗaya ba. Yarensa bai wuce inda ya tsaya ba tun yana yaro. Sai ya kira ta da wanda yake da shi.

"Mak, abinci ya yi. Zo ki ci. Ni na daka."

Ya kafa turaren. Aka tsaya, maza masu zane a wuya da hannu, kowa kansa a ƙasa, kowa da tasa uwar a can. Sai da turaren ya cinye aka zauna. Chenda ta zauna kusa da shi ba tare da an ce mata ba. Sarun ya yanki nama ya kai baki, duk tebur aka zuba masa ido kamar kowace shekara. Ya tauna, ya tauna. Ya ajiye cokali.

"Shi ne," in ji shi.

Ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka irin wanda bai yi ba ran da aka sauke shi a filin jirgi, bai kuma yi ba ran da ya aske kansa. Ba wanda ya hana shi. Can Chenda ta yanko ɗaya cinyar ta sa masa a faranti, ta tura gabansa.

"Ci mana, Yaya. Zai huce."

A gidan ta kwana, ita da Mak. Washegari da aka tafi haikali, Sarun ne ya rungumi tukunyar yana gaba, Chenda na biye. Ta koma Amurka ran da ta ce za ta koma, don aiki na jiranta, shi kuma ba shi da hanyar binta, har gobe.

Har yanzu Ba'amurke muke ce masa, kuma har yanzu yarensa na ba tsofaffi dariya. Amma in Alhamis ɗin nan ta zo, tun da sassafe za ka ji daka daga gidansa, Kunthea na yi masa faɗan ya cika kurkur. In an gama, kafin kowa ya zauna, faranti biyu yake zubawa. Ɗaya ya kai kan kanta ya kunna masa turare. Ɗayan kuma ya ajiye a kan tebur kusa da nasa, a wurin da Chenda ta zauna, ba ya kunna masa komai.